'Yar tsokar da ake kaiwa labo: yadda ake bin sawun furotin da ke kashe ƙwayar ciwon daji

Likita ya ce a ɗebi nama a kai gwaji, dangi sun ce daji ba ya son ƙarfe. To me ake nema a cikin wannan 'yar tsoka, kuma da me ake nemansa?

A Amriguébé, kamar sauran unguwannin N'Djamena da Hausawa ke zaune, akwai maganar da kusan kowa ya taɓa ji: wai daji ba ya son ƙarfe. Ana nufin in allura ko wuƙar likita ta taɓa ƙullutun ciwon daji, to an tsokano shi, sai ya bazu cikin jiki. Saboda wannan magana, sau da yawa ranar da likita ya rubuta takarda ya ce a ɗebi 'yar tsoka a kai labo, ita ce ranar ƙarshe da zai ga marar lafiyar. Dangi su naɗe takardar, a koma gida a shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Sai bayan wata shida ko shekara a dawo, lokacin abu ya riga ya ci jiki.

Maganar ba haka kawai ta kama zukata ba. Mutane sun ga an yi wa wane aiki, bai yi wata uku ba ya rasu, sai suka ɗora wa ƙarfen laifi. Abin da ba su gani ba shi ne, galibi ciwon ya riga ya isa hanta ko huhu ko ƙashi tun kafin a je asibiti. Yaɗuwar daji ta hanyar allurar ɗiban nama abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, kuma likitoci suna da dabarun kauce masa. Ƙin ɗiban kuwa yana da farashin da ake biya kullum, domin ciwon daji ba cuta ɗaya ba ce. Iri-iri ne, sun haura ɗari, kowanne da maganinsa. Likitan da bai ga naman ba, lalube yake yi cikin duhu.

Wannan ɗiban shi ne suke kira biyofsi, sashen da ke duba shi kuma a asibitocinmu masu aiki da Faransanci ana ce masa anafat. Daga cikin abubuwan da ake nema a can har da wasu furotin da aikinsu a jiki shi ne su kashe ƙwayar da ta lalace. Kafin mu kai ga yadda ake ganinsu, sai mun fahimci dalilin da ya sa jiki ke da masu kisa a cikinsa tun farko.

Mutuwar da ke raya jiki

Jikin babban mutum ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyi kimanin tiriliyan 30, waɗanda ido ba ya gani. Kowace rana biliyoyin waɗannan ƙwayoyi suna mutuwa, wasu sababbi su maye gurbinsu. Da yawansu ba rauni ne ke kashe su ba, ba kuma cuta ba. Su da kansu suke rufe shago: ƙwayar ta tsuke, ta daddatse kayan cikinta, ta ƙulle su ƙunshi-ƙunshi, maƙwabtanta su haɗiye, ba kumburi ba ruɓa.

Ka dubi hannunka. Lokacin da kake ciki, hannun nan kamar faifai ya fara, yatsun a manne da fata kamar ƙafar agwagwa. Ƙwayoyin da ke tsakanin yatsun ne suka mutu a kan lokaci, shi ya sa yau kake iya riƙe alƙalami. Haka wutsiyar ɗan kwaɗo ke ɓacewa in ya girma.

A shekarar 1972 wasu masana uku a Jami'ar Aberdeen ta Sikotilan, John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie, suka bayyana wannan irin mutuwa suka raɗa mata suna afoftosis. Kalmar Girkanci ce, ma'anarta zubar ganye daga bishiya. Duk wanda ya ga yadda gawo ke kakkaɓe ganyensa da damina, bishiyar kuma tana nan lafiya lau, ya gane abin da suke nufi.

Wasu masanan kuma wata tsutsa suka bi, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Suka ƙirga cewa a lokacin girmanta ana samar da ƙwayoyi 1,090, daga ciki 131 suna mutuwa, kullum su ɗin dai, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Wannan ya nuna abin a rubuce yake cikin gadon halittar. Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu, da John Sulston da Robert Horvitz sun sami kyautar Nobel a 2002 saboda wannan aiki.

To ina ciwon daji ya shigo? Mutane sun saba jin cewa daji ƙwayoyi ne masu hayayyafa babu ƙaƙƙautawa. Gaskiya ne, amma rabin labarin ke nan. Sauran rabin shi ne sun ƙi mutuwa. Ƙwayar da ta lalace, wadda ya kamata ta zube kamar ganyen gawo, sai ta maƙale, ta haifi irinta, su ma su ƙi zubewa.

Alƙali da hauni

Furotin su ne ma'aikatan cikin ƙwaya, kowanne da aikinsa. A sha'anin wannan mutuwa, biyu sun fi suna.

Na farko shi ne p53. Shi kamar alƙali yake. Duk lokacin da wani abu ya ɓata rubutun gado da ke cikin ƙwaya, wanda ake kira DNA, masu Faransanci su ce ADN, p53 ne ke zaman shari'a. In ɓarnar kaɗan ce, sai ya tsayar da ƙwayar daga rabuwa har a gyara. In ta wuce gyara, sai ya yanke hukuncin kisa. An gano shi a 1979 a ɗakunan bincike da dama lokaci guda, ciki har da na David Lane da Lionel Crawford a Landan, da na Arnold Levine a Amurka. Abin mamaki, shekara goma aka yi ana zarginsa da cewa shi ke haddasa daji, domin ana yawan samunsa jibge a cikin ƙwayoyin daji. Sai wajen 1989 aka gane cewa wanda ake gani jibge ɗin gurɓatacce ne, lafiyayyen kuwa kare jiki yake yi. Yau an san cewa kusan rabin dukkan cututtukan daji na ɗan Adam suna ɗauke da p53 da ya lalace.

Giwayen Zakouma ma suna da abin faɗa a nan. Dabba mai girman giwa, mai ƙwayoyi ninkin-ba-ninkin namu, mai kai shekara sittin, kamata ya yi a ce daji ya fi kama ta. Amma ba haka abin yake ba. Binciken da aka buga a Amurka a 2015 ya nuna cewa giwar Afirka tana da kwafi akalla 20 na ƙwayar gadon da ke ƙera p53, alhali mutum ɗaya tak gare shi, wanda ya gada ta wajen uwa da ta wajen uba. Ƙwayar giwa da ta ɗan lalace, nan da nan ake yanke mata hukunci.

Na biyu shi ne kasfes-3. In p53 alƙali ne, wannan shi ne hauni, mai zartar da kisa a fadar sarakunan dā. Yana nan zaune a cikin lafiyayyun ƙwayoyi, wuƙarsa cikin kube, ba ya taɓa kowa. In umarni ya iso, sai wani furotin ya datsa shi, datsawar nan ita ce zare wuƙar. Daga nan ya shiga yanka ɗaruruwan furotin ɗin da ke riƙe da ƙwayar, cikin 'yan sa'o'i an gama.

Akwai kuma masu hana ruwa gudu. Wani furotin mai suna BCL-2 aikinsa shi ne tsaya wa ƙwaya kada a kashe ta. A wasu cututtukan daji na jini yakan yi yawa fiye da kima, sai hukunci ya kasa zartuwa. An gano shi a tsakiyar shekarun 1980, sai a 2016 Amurka ta amince da wani magani, venetoclax, wanda ke ɗaure masa hannu. Shekara talatin ke nan tsakanin ganowa da magani, ka ji haƙurin masu bincike.

Akasarin maganin daji da ake ɗurawa ta jijiya, da gashin da ake yi da na'ura, suna aiki ne ta wannan hanya: su ɓata rubutun gadon ƙwayar daji sosai har a tilasta mata mutuwa. Shi ya sa sanin halin da alƙali da hauni ke ciki ba ƙaramin abu ba ne.

Mai gane saniyarsa cikin dubu

Matsalar ita ce, ko da madubin likita mai ƙara girman abu sau dubu, ba a ganin furotin. Ana ganin ƙwaya, ana ganin cibiyarta, amma dubban furotin da ke ciki ba su da launi, ba su da alama. Yaya za a ware ɗaya?

Amsar tana cikin jininmu. Duk lokacin da baƙon abu ya shiga jiki, garkuwar jiki tana ƙera wasu furotin na musamman da ake kira antibodi, a Faransanci antikor. Kowane antibodi abu ɗaya ya sani, shi kaɗai yake kamawa. Kamar makiyayi ne da zai shiga kasuwar shanu ya ratsa dubu, ya je ya dafa tasa. Masana suka ce, tunda haka ne, bari mu sa dabba ta ƙera mana antibodin da ya san furotin ɗin da muke nema. Sai a yi wa zomo ko ɓera allurar wani yanki na p53, jikinsa ya ɗauke shi baƙo, ya ƙera masu kama shi, a ɗebo su daga jininsa. Sannan a ɗaura musu wani abu mai launi, yadda duk inda suka dafa za a ga tabo, kamar fentin da ake shafa wa ragon da aka riga aka saya. Albert Coons na Jami'ar Harvard ne ya fara wannan dabara ta ɗaura wa antibodi alama mai ƙyalli a 1941. Shi kansa p53 da taimakon antibodi aka fara kamo shi.

Sai dai jinin zomo gauraye yake da antibodi iri-iri, kuma in zomon ya mutu, an rasa irinsa ke nan. Wannan matsala ce Georges Köhler, Bajamushe, da César Milstein, ɗan Ajantina, suka warware a Kambirij ta Ingila a 1975. Sun ɗauki ƙwayar saifar ɓera mai ƙera antibodi, wadda ba ta daɗewa a kwalba, suka haɗe ta da ƙwayar daji, wadda ba ta mutuwa. Abin da ya fito ya gaji uwa ya gaji uba: yana ƙera antibodi iri ɗaya tak, kuma yana ta hayayyafa shekara da shekaru. Wato taurin kan ƙwayar daji aka kama aka sa shi bauta. Sun sami Nobel a 1984.

Kada mai karatu ya ɗauka abin na nesa ne. 'Yar robar nan ta gwajin zazzaɓin cizon sauro da ake ɗiga wa jini a asibitin unguwa, layin da ke fitowa a kanta antibodi ne ya kama furotin ɗin ƙwayar cutar. Haka abin gwajin ciki da mata ke saya a kantin magani. Duk jikokin aikin 1975 ne.

Daga ɗakin tiyata zuwa gilashi

Ga yadda tafiyar 'yar tsokar take. Da an ciro ta, sai a tsoma ta cikin wani ruwa mai suna fomalin, wanda ke tsayar da komai yadda yake, ya hana ruɓa. Wannan mataki na farko shi ne mafi haɗari. In aka bar naman a faranti awa da awanni, ko aka sa shi cikin ruwan gishiri ko giyar asibiti maimakon fomalin, furotin ɗin da ake nema sukan lalace. Ga naman mama, ƙa'idar da ake bi ita ce ya shiga fomalin cikin awa ɗaya, ya zauna tsakanin awa 6 zuwa 72.

A labo sai a tsotse ruwan jikinsa, a zuba masa narkakken kaki irin na kyandir, ya daskare ya zama ɗan bulo kamar kwalin ashana. Da wata na'ura mai kaifi ake fero shi, kowane yanki kaurinsa maikuron 3 zuwa 5, wato silin gashi ya ninka shi fiye da sau goma. A shimfiɗa a kan gilashi. Da farko ana rina shi da rini biyu na yau da kullum, shuɗi da ja-ja, likitan anafat ya duba siffar ƙwayoyin. Sau da yawa wannan ya isa a ce daji ne ko ba daji ba.

In ana son sanin wane iri ne, a nan antibodi ke shigowa, a gwajin da za ka ga an rubuta IHC a takarda. A narkar da kakin, a ɗan dafa gilashin cikin wani ruwa don furotin su buɗe fuska, a ɗiga antibodi na farko, a jira, a wanke. A ɗiga na biyu wanda ke kama na farkon, yana ɗauke da sinadarin da ke fitar da launi. Duk inda furotin ɗin yake, sai wurin ya yi ruwan goro. Inda babu, ya tsaya shuɗi.

Abin da launin ke faɗa

A nan ne ake bukatar gwani, domin launin ba ya magana kai tsaye. Lafiyayyen p53 ba ya daɗewa a cikin ƙwaya, cikin mintuna ake rushe shi a ƙera sabo. Don haka a lafiyayyen nama, ɗan tabo ake gani nan da can. Gurɓataccen kuwa ba ya rushewa, taruwa yake yi. In likita ya ga kusan dukkan cibiyoyin ƙwayoyin sun yi ruwan goro tiƙis, ba murna zai yi ba, ya san alƙali yana zaune a kujera amma ba ya shari'a. In kuma ya ga babu tabo ko ɗaya, nan ma alama ce cewa an share shi gaba ɗaya. Ana amfani da wannan karatu sosai wajen rarrabe dajin mahaifa da na ƙwan mace, domin sanin wanda ya fi saurin yaɗuwa.

Shi kuwa kasfes-3, an ƙera antibodin da bai san shi ba sai an datsa shi, wato yana gane hauni ne kawai in wuƙa na tsirara a hannunsa. Wannan ya fi aiki a ɗakunan bincike. Mai binciken da ke son ya ga ko sabon magani na kashe ƙwayar daji, sai ya zuba mata, ya kawo wannan antibodi ya ƙirga ƙwayoyi nawa suka yi launi. Da irin wannan awo ake gwada saiwoyi da ɓawon itatuwan da ake cewa suna maganin daji. Sai dai a kiyaye: abu ya kashe ƙwaya a cikin kwalba bai zama magani ba tukuna, ai ruwan zafi ma yana kashe ta. Tambayar ita ce ko zai kashe ta a jikin mutum ya bar mutumin da rai, wannan kuwa sai an yi gwaji na shekaru.

Ga mace mai dajin mama, antibodi uku ne suka fi shafar rayuwarta kai tsaye. A takardar Faransanci za a ga RE da RP da HER2, a ta Ingilishi ER da PR da HER2. In RE ya fito, ƙwayar dajin da sinadarin jikin mace take rayuwa, kuma ƙwayar magani irin tamoxifen, mai sauƙin kuɗi, da ake sha kullum shekara biyar ko fiye, tana iya yi mata babban amfani. In bai fito ba, shan sa ɓarnar kuɗi ce da lokaci. In HER2 ne ya yi yawa, akwai trastuzumab, wanda shi kansa antibodi ne da aka mayar magani, tun 1998 ake amfani da shi.

Abin da ya faru a maƙwabciyarmu Nijeriya ya isa darasi. Wani bincike da aka buga a 2009, wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Shikago ke cikin jagororinsa, ya duba naman mata 507 daga Nijeriya da Senegal, ya sami RE a kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Amma wani binciken da Farfesa Clement Adebamowo ya jagoranta a Ibadan, wanda ya fito a 2008, ya same shi a kusan kashi biyu cikin uku. Mata irin ɗaya, yanki ɗaya, amsa daban. Daga cikin dalilan da masana suka kawo har da yadda aka kula da naman tun daga ɗakin tiyata: tsohon bulo, ko naman da bai sha fomalin yadda ya kamata ba, yakan nuna babu alhali akwai. Ka ga ke nan sakacin awa biyu na iya hana mace maganin da zai ƙara mata shekaru. Wani aikin kuma da aka buga a 2018 ya nuna cewa lalacewar p53 ta fi yawa a dajin maman matan Nijeriya fiye da na fararen matan Amurka. Wannan na nuna ba za mu dogara da awon da aka yi a kan wasu ba.

Antibodin ma sai an tantance shi

Kamfanoni a Amurka da Turai da Sin suna sayar da antibodi dubbai, 'yar kwalba da ba ta kai ɗigon maganin ido ba tana cin ɗaruruwan daloli. Ba dukansu ne masu gaskiya ba. A 2015 masana biyu, Andrew Bradbury da Andreas Plückthun, sun yi kuka a mujallar Nature, suka kawo wani bincike na 2008 da ya gwada antibodi kusan 6,000 na kasuwa, aka tarar waɗanda ke kama abin da aka ce suna kamawa shi kaɗai ba su kai rabi ba. Wato makiyayin yakan dafa saniyar wani. Waɗanda aka ware don gwajin marasa lafiya sun fi shan tantancewa, amma duk da haka labo na ƙwarai ba ya gwaji sai ya ajiye nama biyu a gefe, ɗaya da aka san yana da furotin ɗin, ɗaya da aka san babu, don ya tabbatar kayan aikinsa na faɗin gaskiya.

Ga kuma zafi. Antibodi yana son sanyin digiri 2 zuwa 8. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, wuta kuma tana zuwa tana tafiya, kwalbar da ta kwana a firjin da ya mutu ta zama ruwa kawai. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwajin IHC ke da tsada da wuyar samu a ƙasashen Sahel.

Gyada, hanta da lamba 249

Me ke lalata p53 tun farko? Ɗaya daga cikin amsoshin yana cikin rumbunmu. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyada daga Barazil. Da aka bincika sai aka gano wata guba, aflatoksin, wadda wata funfuna ke fitarwa a jikin gyada da masara da ba su bushe da kyau ba. Dafuwa da suya ba sa kashe ta.

A 1991 bincike biyu, ɗaya kan masu dajin hanta a kudancin Afirka, ɗaya a Qidong ta ƙasar Sin, suka gano abu guda: gubar nan tana zuwa wuri ɗaya a rubutun p53, gurbi na 249, ta canja harafi ɗaya. Harafi ɗaya tak, alƙali ya kurmance. Daga baya a Gambiya an sami wannan tabo a jinin fiye da kashi ɗaya cikin uku na masu dajin hanta da aka gwada. Shi wannan canjin harafi da awon DNA ake tabbatar da shi.

In aka haɗa da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Chadi da maƙwabtanta, abin ya fi muni. Wani bincike a Shanghai da ya fito a 1994 ya nuna mai aflatoksin kaɗai haɗarinsa ya ninka kusan sau 3, mai ciwon hanta B kaɗai sau 7, mai duka biyun kuwa kusan sau 60. Mu da ƙuli-ƙuli da man gyada da kunun gyada ba sa yanke mana, wannan lissafi namu ne. Ba cewa aka yi a bar gyada ba. A busar da ita sosai, a ajiye a kan katako nesa da damshi, a tsince wadda ta yanƙwane ko ta canja launi ko take ɗaci a zubar. Kuma kada a ce ai ta lalace, bari a yi ƙuli da ita, don nan ne gubar ke taruwa. Gwajin ciwon hanta B, wanda ake rubutawa AgHBs, shi ma da antibodi ake yinsa, ɗigon jini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi wa jariri rigakafinsa cikin awa 24 da haihuwa.

Dajin bakin mahaifa, wanda shi da na mama suka fi addabar matan Chadi, shi ma ta kan p53 yake bi. Ƙwayar cutar HPV tana ƙera wani furotin, E6, da ke sa a rushe p53 tun bai zauna shari'a ba. Akwai rigakafinta, Nijeriya ta sa shi cikin allurar 'yan mata tun Oktoban 2023.

Abin da dangi za su riƙe

A watan Fabrairun 2022, a Addis Ababa, Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin Rays of Hope don kai na'urorin gashin daji ƙasashen da ba su da su ko suke da ƙarancinsu, Chadi da Nijar suna cikin ƙasashe bakwai na farko. Amma na'ura komai tsadarta ba ta san wanda za ta gasa ba sai labo ya faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni ga dajin mama: daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti zuwa ranar da aka tabbatar da abin da ke damunta, kada ya wuce kwana 60.

Don haka in likita ya nemi biyofsi, a yi. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, da yawa labo ne ke wanke su, hankali ya kwanta. In an ba ku kwalbar ku kai da kanku, ku tambaya ko fomalin ne a ciki, ku tabbatar ya rufe naman, ku kai ranar, kada a sa a firiza. In sakamako ya fito, ku karɓi takardar ku yi mata kwafi. In dajin mama ne, ku tambaya ko an yi RE da RP da HER2.

Sannan ku tambayi bulon kakin. Mutanenmu da yawa suna ƙetarawa Kamaru, ko su nufi Maiduguri, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, wasu har Masar da Tunisiya, su isa hannu rabbana, a ce sai an sake ɗiba daga farko. Alhali ɗan bulon nan yana ajiye naman shekaru, ba ya bukatar firji, kuma a ko'ina za a iya fero shi a ɗiga masa antibodin da ba a samu a gida ba. Wani lokaci ma bulon ne zai yi tafiyar, marar lafiya na kwance a ɗakinsa. A naɗe shi a sa cikin jakar hannu, tare da takardarsa mai lamba. Kada dai a bar shi a gaban mota cikin rana, domin kakin yana narkewa tun zafi bai kai digiri 60 ba.